Yaushe ya fi dacewa a je fadar Glenveagh, kuma me sanarwoyin gandun ke nufi?

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci da ke zaune a Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, da iyalinsa. Ya ce: "Ina so in kai maiɗakina da yara fadar Glenveagh da gandun dajinta a Donegal. Amma duk lokacin da na duba sanarwoyinsu sai in tarar da sabon abu: yau an rufe wata hanya, gobe an rufe fadar, jibi akwai taron yara ko fita kallon bareyi. Wane lokaci ya fi, wane taro ne ya cancanci doguwar tafiya, kuma wace sanarwa ce zan ɗauka da muhimmanci?"

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya bar zumunci tsakaninka da iyali. Kafin in shiga bayani, ga abin da nake faɗa wa duk wanda ya yi mini irin wannan tambaya: kada jerin taruka ya zaɓa maka ranar tafiya. Ka fara zaɓar abin da kake so idonka ya gani a dajin, furanni ne, bareyi ne, ko dogon yini na yawo a bakin tafki, sannan ka duba ko akwai taron da ya faɗo a wannan makon. Taro ƙari ne. Sanarwar da za ta iya ɓata maka tafiya gaba ɗaya kuwa ita ce wadda mutane suka fi tsallakewa, wato ta iska da ta rufe hanya.

Sai ka san yadda wurin yake a ƙasa kafin sanarwoyin su yi maka ma'ana. Glenveagh kwari ne mai tsawo tsakanin duwatsun Derryveagh a gundumar Donegal da ke arewa maso yammacin Ailan, kimanin kilomita 24 daga garin Letterkenny. Faɗin gandun ya kai wajen hekta 16,000, mafi yawansa tsauni ne da dausayi da ƙananan tafkuna. A tsakiyar kwarin akwai tafkin Lough Veagh, fadar kuma tana zaune a bakinsa. Ga abin da baƙi da yawa ba sa sani sai sun iso: ba a shiga da mota har fadar. Ana ajiye mota a cibiyar baƙi da ke bakin gandun, daga nan zuwa fadar akwai tazarar kilomita 4 ko ƙasa da haka kaɗan. Ko dai ka taka da ƙafa ta hanyar bakin tafki, ko ka hau keke, ko ka biya ka shiga motar gandun da ke kai da komo. Shiga gandun da lambunan kyauta ne. Motar da shiga cikin ginin fadar su ne ake biya, da yuro. Hukumar kula da gandayen ƙasa da namun daji ta Ailan ce ke riƙe da wurin, ba kamfanin yawon buɗe ido ba, kuma wannan ya shafi komai. Aikinta na farko kare dajin ne. In buƙatar dajin ta ci karo da buƙatar baƙo, baƙo ne zai yi haƙuri, kuma a ganina haka ya kamata.

Saboda wannan tsari, idan an ce "an rufe" sai ka tambayi kanka: me aka rufe? Rufe ginin fadar daban, tsayar da motar gandun daban, rufe wata hanyar tsauni daban, rufe gandun baki ɗaya daban. In fadar kaɗai aka rufe saboda gyara ko ranar hutunta, ba ka yi asarar komai mai yawa ba, domin lambunan da tafkin da hanyoyin suna nan. In motar ce ba ta aiki kuma kana da ƙananan yara ko dattijo a tare da kai, to lissafin ya canja, don tafiya da dawowa za ta kusa kilomita 8. Lokutan buɗewa ma suna sauyawa tsakanin watannin zafi da na hunturu, haka ma ranakun da ake shiga ginin. Kada ka dogara da abin da wani ya rubuta bara. Ka duba shafin gandun da kansa ana gobe tafiya, ka sake dubawa da safe kafin ka tayar da mota.

Sanarwar da ba a wasa da ita ita ce ta yanayi. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, Met Éireann, tana fitar da gargaɗi hawa uku: ruwan ɗorawa, ruwan goro, da ja. Donegal tana fuskantar Tekun Atilantika kai tsaye, don haka guguwar da ta taso daga teku takan fara sauke ƙarfinta a wannan gaɓa. Kwarin kansa yana matse iska ya ƙara mata gudu, ga kuma manyan itatuwa tsofaffi a kewayen fadar da kan hanyar bakin tafki. Idan gargaɗin iska ya hau, rufe wuri irin wannan ba tsoro ba ne, hankali ne. Ka tuna guguwar Éowyn ta 24 ga Janairun 2025, wadda aka sa wa ƙasar duka jan gargaɗi, aka auna iska mai gudun kilomita 184 a awa a Mace Head da ke Galway, gidaje da wuraren sana'a fiye da 700,000 suka rasa wuta. Bayan irin wannan, ko rana ta fito washegari, hanyoyin daji ba sa buɗewa nan take. Sai ma'aikata sun bi itace ɗaya bayan ɗaya, domin reshen da ya karye ya maƙale a sama ya fi wanda ya faɗo ƙasa haɗari. In ka ga igiya ko allo an tare hanya, kada ka tsallaka don ka ga wani ya tsallaka.

Ruwan sama shi kaɗai ba dalilin fasa tafiya ba ne. In za ka jira ranar da ba za a yi yayyafi a Donegal ba, za ka daɗe kana jira. Rigar ruwa ga kowa, takalmi mai riƙe ƙasa, safa ta canji ga yara, shi ke nan. Lema ba ta da amfani a can, iska za ta juya ta. Kuma bayan ruwa ne rafukan da ke gangarowa daga duwatsu suke cika, kwarin ya fi kyau.

Akwai wasu sanarwoyi da baƙo zai gani ya ɗauka ba ruwansa, alhali su ne ainihin labarin wurin. Na farko, aikin sare wani tsiro mai suna Rhododendron ponticum. A watan Mayu da Yuni za ka ga gefen tsauni ya rufe da fure mai launin shunayya, kowa na ɗaukar hoto. Wannan kyakkyawan furen shi ne babban abokin gabar dajin. Ba ɗan ƙasa ba ne, masu manyan gidaje ne suka shigo da shi don ado da kuma mafakar tsuntsayen farauta. Ganyensa ba ya zuba, inuwarsa tana da duhu har ba abin da ke tsirowa a ƙarƙashinsa, 'ya'yansa ƙanana ne iska na kwasarsu da yawan gaske, kuma dabbobi ba sa cinsa. In aka sare shi aka bar kututturen, sai ya sake tohowa da ƙarfi, shi ya sa ake sarewa a bi kututturen da magani, a dawo shekara bayan shekara ana cire 'yan tsiron da suka fito. An shafe gomman shekaru ana wannan yaƙi a Glenveagh don a ceci ragowar tsohon kurmin itacen oak da ke gefen tafkin. Idan ka ga an rufe wani sashe saboda wannan aiki, ko ka ga fili an sare shi ya yi muni, kada ranka ya ɓaci. Ka nuna wa yara, ka gaya musu abin da ake yi.

Na biyu, bareyi. Gandun yana da garken jan barewa da ke cikin manya a ƙasar, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 aka kewaye yankin da shinge mai tsawon kimanin kilomita 40 saboda su. Kyarkeci, wanda shi ne ke rage yawansu a da, ya ƙare a Ailan tun ƙarni na 18. Ba mai cinsu, su kuma suna cin duk ɗan itacen da ya leƙo daga ƙasa, ban da wancan tsiro da na ambata. Ka ga yadda matsalolin biyu suka haɗa kai: barewa ta cinye ɗan ƙasa, ta bar baƙo ya yaɗu. Don haka ma'aikata suna rage garken a kan ƙa'ida, suna kuma killace wasu wurare don itatuwa su samu su tashi. Wasu baƙi abin yana yi musu ciwo in sun ji, na kuwa fahimce su, amma kurmin da ba ya haifar da sababbin itatuwa mutuwa yake yi a tsaye.

Na uku, wuta. Mutum zai yi mamakin a ce ƙasa mai wannan ruwa tana fama da gobarar daji, amma daga Maris zuwa Mayu, in aka samu kwanaki na bushewa da iskar gabas, matacciyar ciyawar hunturu da ƙayoyin tsauni sukan kama kamar an zuba musu mai. Dokar kare namun daji ta hana ƙona ciyayi daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta saboda lokacin sheƙar tsuntsaye ne. Ƙasan dausayin kuma ruɓaɓɓen tsiro ne da ya taru cikin dubban shekaru, in wuta ta shige shi takan ci ta ƙarƙashi. Don haka batun hura wuta ko gasa nama a fili ka cire shi daga shirinka. Kare sai da igiya, jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto sai da izini.

Yanzu ga fadar kanta, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin ba na son ka kai iyalinka su ga dutse da fure su dawo ba su san inda suka taka ba.

Babu sarkin da ya taɓa zama a wannan gini, ba a kuma gina shi don yaƙi ba, duk da hasumiyarsa da kaurin bangonsa. Gidan farauta ne na wani attajiri mai suna John George Adair, ɗan yankin Laois, wanda ya sayi filaye a nan tsakanin 1857 da 1859. Ya zo da burin ya yi wa kansa gandu irin na masu sarautar Sikotlan, ya shigo da tumaki da makiyaya daga can, rikici ya tashi tsakaninsa da talakawan da ke haya a ƙasar kan kiwo da farauta da ɓatan tumaki. A watan Nuwamban 1860 aka tsinci gawar wakilinsa, James Murray, a kan tsauni. Ba a tabbatar da laifin a kan kowa ba. Adair ya ɗora wa al'ummar Derryveagh duka. A watan Afrilun 1861, cikin kwana 3, tare da rakiyar 'yan sanda kusan 200, aka fitar da mutum 244 daga gidajensu, iyalai fiye da 40, da tsofaffi da zawarawa da jarirai, aka rushe yawancin gidajen don kada su dawo. Ba don sun kasa biyan haya ba ne. Wasu suka ƙare a gidan gajiyayyu na Letterkenny, matasa da yawa kuma aka tara musu kuɗin jirgi suka tafi Ostiraliya a 1862. Bayan 'yan shekaru aka fara ginin fadar da dutsen yankin, aka kammala a 1873.

Wannan shirun da baƙi ke yabawa a Glenveagh, wannan fili da za ka duba iya ganinka ba gida ba hayaƙi, wani ɓangarensa ba halitta ba ce, korar mutane ce ta samar da shi. Mutanen Donegal ba su manta ba har yau, zuriyar waɗanda aka kora kuma suna zuwa daga Ostiraliya neman inda kakanninsu suka zauna. In ka ga sanarwar lacca ko zagaye kan korar Derryveagh, to wannan yana cikin 'yan tarukan da zan ce sun cancanci a gyara ranar tafiya saboda su.

Adair ya mutu a Amurka a 1885, inda yake da hannun jari a wani babban wurin kiwon shanu a Texas. Matarsa Cornelia, Ba'amurkiya, ita ta ci gaba da riƙe gidan har rasuwarta a 1921, kuma mutanen yankin sun fi tunawa da ita da alheri. Ita ta faɗaɗa ginin, ta sa aka shuka itatuwan kare iska, ta fara shimfiɗa lambunan a kan ƙasar da a da dutse ne da laka. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Beljiyam da suka ji rauni sun yi jinya a nan, akwai ma wata hanya a lambun da ake kira da sunansu don su suka yi aikinta. A yaƙin basasar Ailan na 1922 mayaƙa suka mamaye gidan, daga baya sojojin gwamnati suka karɓe. A 1929 wani malamin tarihin zane-zane na jami'ar Harvard, Arthur Kingsley Porter, ya saye shi. A 1933 ya fita yawo a tsibirin Inishbofin da ke gaɓar Donegal, ba a sake ganinsa ba, ba a kuma samu gawarsa ba. Yara manya sukan so wannan labari.

Mai gidan na ƙarshe shi ne Henry McIlhenny na Philadelphia, masanin kayan zane wanda kakansa ɗan Donegal ne da ya yi ƙaura. Ya sayi wurin a 1937, kuma kusan duk abin da za ka gani a cikin ɗakunan da lambunan yau ɗanɗanonsa ne. Ya ɗauko ƙwararrun masu tsara lambu, James Russell da Lanning Roper, suka yi shekaru suna aiki. A 1975 ya sayar wa gwamnati filayen, a 1983 ya ba ƙasa kyautar fadar da lambunan da mafi yawan kayan ciki. Aka buɗe gandun ga jama'a a 1984, fadar a 1986, shekarar da shi kansa ya rasu. A cikin ginin za ka lura siffar barewa tana ko'ina, a zane da kwanuka da ado. Zagayen ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. In lokacinka kaɗan ne kuma dole ka zaɓa, ni lambunan zan zaɓa: lambun ganuwa inda ake noma kayan miya da furanni a haɗe, da farfajiyar da aka yi wa ado irin na Italiya, da hawan da ke bayan fadar inda ake hango tafkin daga sama. A lambun ganuwar ka nemi jan furen daliya mai suna Matt Armour. Sunan mai kula da lambun ne da ya raine shi daga iri a zamanin iyalin Porter, kuma a nan aka fara samunsa.

To, wane wata? Ya danganta da abin da ke ranka.

Daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni lambunan suna kan ganiyarsu, yini ya yi tsawo, cunkoson hutun makaranta bai fara ba. Ga mai iyali da ke zuwa karo na farko, wannan ne zaɓina. A ƙarshen Mayu da Yuni bareyi ke haihuwa, uwa takan ɓoye ɗanta a ciyawa ta tafi kiwo. In yara suka ci karo da shi, ba maraya ba ne, kada a taɓa shi. A watan Mayu ne kuma ake makon halittu na ƙasa, wanda gandaye kan cika da fita sauraron kukan tsuntsaye da asuba da zagayen sanin tsirrai.

Yuni zuwa Agusta rana ba ta faɗuwa da wuri. A tsakiyar Yuni haske yakan kai awa 17, sai wajen ƙarfe 10 na dare take faɗuwa. Lokacin ne aka fi shirya wa yara abubuwa, lokacin ne kuma wurin ajiye mota da layin motar gandun suke cika, don haka a isa da safe. Abin da hotuna ba sa nunawa shi ne wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke tasowa gungu-gungu daga dausayi idan iska ta kwanta, musamman da safe da yamma. Ba sa ɗauke da cuta amma suna iya korar mutum daga bakin tafki. A tafi da maganin shafawa da riga mai dogon hannu. Wanda ya fi su muhimmanci shi ne kaska. Inda bareyi suke, tana nan cikin doguwar ciyawa, kuma tana iya ɗaukar cutar Lyme. A sa dogon wando a cusa cikin safa, da an dawo masauki a duba jikin yara, bayan gwiwa da hammata da gindin gashi. In an same ta a cire da ɗan hantsaki a hankali, in kuma daga baya aka ga jan tabo yana faɗaɗa ko zazzaɓi, a ga likita a gaya masa an shiga daji.

A rabin Agusta na biyu ake Makon Gado na Ƙasa, wanda Majalisar Kula da Kayan Gado ke jagoranta a duk faɗin Ailan. Yawancin tarukansa kyauta ne, kuma a nan ne masana na gaske, masu lambu da masu gadin daji da masu tarihin yanki, suke fitowa su yi magana da jama'a. In kana neman mako guda da taro da yanayi suka haɗu, shi ne wannan. A lokacin ne ma ciyayin tsauni ke fure, duwatsun su rine.

Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba lokacin barbarar bareyi ne, kuma ni a wurina babu lokacin da ya kai shi. Mazan suna ruri daga gefen tsauni, muryar tana bugun duwatsu tana dawowa, wani lokaci su haɗa ƙaho. An fi jin su da sassafe da gab da magariba. In gandun ya sanar da fita tare da mai gadin daji a wannan lokaci, ka yi rajista da wuri, domin ba a ɗaukar mutane da yawa, kuma shi ya san inda garken yake da nisan da ya kamata a tsaya. Namijin barewa a wannan wata ba abin matsawa kusa ba ne. A riƙe yara, a tafi da madubin hangen nesa.

Nuwamba zuwa Fabrairu yini gajere ne, a Disamba rana kan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 4, guguwa ta fi yawa, hidimomi kuma sukan ragu. Akan yi wasu shirye-shiryen ƙarshen shekara ga iyalai, amma ba zan ce ka yi tafiyar awa 4 da yara saboda su kaɗai ba.

Yara za su tambaye ka gaggafa, don hotonta yana ko'ina. Ka gaya musu gaskiya tun a gida. Gaggafa mai ruwan zinariya ta ƙare a Ailan a farkon ƙarni na 20, saboda harbi da guba da satar ƙwai. A 2001 aka fara kawo 'ya'yanta daga Sikotlan ana sakinsu a Glenveagh, a 2007 aka samu ɗan farko da aka ƙyanƙyashe a daji ya tashi. Nasara ce babba, amma har yanzu ba su da yawa, abinci a tsaunukan bai wadata ba, guba ta kashe wasu, kuma kowace tana yawo a fili mai faɗin gaske. Ana iya ganinta, ba a yi wa kowa alkawari. Babu wanda zai nuna maka sheƙarta, kuma in an rufe wani kwari a lokacin kwanci ba tare da dogon bayani ba, ka gane dalili ka bar shi a haka. Haka ma wani tsuntsun ruwa mai jan maƙogwaro da ke nutso, wanda a duk Ailan tafkunan wannan yanki ne kaɗai yake sheƙa. Ɗan motsi kusa da sheƙarsa yana sa ya watsar da ƙwai.

Game da tarukan gaba ɗaya, ma'aunina mai sauƙi ne. Wanda zai kai ka inda ba za ka iya zuwa kai kaɗai ba, ko ya haɗa ka da wanda ya san abin da allo ba zai gaya maka ba, shi ya cancanci wahala. Kasuwar kayan hannu ko kiɗa a farfajiya abu ne mai daɗi in ka tarar, amma akwai irinsu kusa da kai. Kafin ka yi rajista ka duba abu uku a sanarwar: inda za a haɗu, domin cibiyar baƙi da fadar ba wuri ɗaya ba ne kuma mutane da yawa sun rasa taro a kan wannan, shekarun yaran da aka yarda da su, da tsawon tafiyar. Hanyar bakin tafki shimfiɗaɗɗiya ce, keken jariri yana bi. Wadda ta wuce fadar ta nufi ƙarshen kwarin, da wadda ta haura ta tafkin Inshagh ta gangara wajen Gartan, inda aka haifi waliyyin Kirista Colmcille a shekara ta 521, sun fi tsawo. Waya ba ta samun layi a wurare da yawa cikin kwarin. Ka tambayi lokacin motar ƙarshe da ke dawowa daga fadar tun kana sauka, ka rubuta.

Saura maganar hanya, kuma ina roƙonka ka karanta wannan da kyau. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Donegal ko kaɗan. Daga Dublin tafiyar takan ci wajen awa 4, don haka zuwa da dawowa a yini ɗaya da yara zalunci ne. Ku kwana a Letterkenny ko wani ƙauye kusa. Hanyar da taswirar waya za ta ba ka, ta Monaghan zuwa Lifford, tana ratsa Ailan ta Arewa, wadda wani yanki ne na ƙasar Birtaniya. Babu shinge, babu mai tsayar da kai a kan iyaka, wataƙila ba za ka lura ka tsallaka ba sai ka ga allunan gudu sun koma mil. Amma rashin shinge bai sauke doka ba. In fasfo ɗinka ko na wani a cikin iyalinka yana cikin waɗanda Birtaniya ke nema wa biza, to bizar Ailan ko katin zamanka a Jamhuriyar Ailan ba su ba ka izinin shiga can ba, ko da wucewa kawai za ka yi. Motocin haya na Dublin zuwa Letterkenny ma ta nan suke bi. Mafita tana nan: ka bi ta Sligo, ka haura ta Bundoran da garin Donegal zuwa Letterkenny. Ta fi tsawo, amma ba ta fita daga Jamhuriyar ko sau ɗaya, kuma wani sashenta a gaɓar teku yake. Ka sa Sligo a matsayin zango a taswirar tun kafin ku tashi, don kada wayar ta mayar da kai gajeriyar hanya a tsakiyar tafiya. Allah ya kai ku lafiya, a gaida iyali.